Mutum-mutumin tagulla ya zo min cikin kayan gwanjo, an rubuta BARYE a gindinsa, wa ya san kansa?

Ɗan Gwanjo:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san kan tsofaffin kayan Turawa ya taimaka min da shawara kar in je in yi cinikin asara. Ni dai sana'ata gwanjo ce, kujeru da kabad da madubai da fitilu, irin kayan da ake kwasowa daga gidajen Turai idan mai gida ya rasu 'ya'ya sun rasa yadda za su yi da tarkacensa, ta Kwatano muke saro su. To a kayan da suka iso min wannan karon akwai wani kwali da ba ya ma cikin lissafi, da muka farke sai ga mutum-mutumi guda biyu an naɗe su a tsohon bargo.

Na farkon nauyi ne da shi na gaske, hannu ɗaya ba ya ɗaga shi cikin daɗi, kalarsa ruwan ƙasa mai duhu da ɗan kore-kore a lungu-lungun jikinsa. Wani saurayi ne tsirara haihuwar uwarsa ya tsaya ƙyam ya ware ƙafafu, ya riƙe gajeren takobi ya saita shi a goshin wata halitta mai jikin mutum amma kanta na bijimi ne har da ƙaho, ita kuma halittar ta sarƙe shi da ƙafa ta kai hannu bayansa tana neman kayar da shi. A kan dandamalin da suke tsaye an rubuta BARYE, a gefe kuma da ƙananan haruffa akwai F. BARBEDIENNE FONDEUR. Na biyun ya fi tsawo amma bai kai rabin nauyin wancan ba, mutum ne a tsaye da ƙafa ɗaya ya ɗaga yatsa sama, da fukafukai a hularsa da dugaduginsa, yana riƙe da sanda macizai biyu sun nannaɗe ta, shi wannan hannunsa ya tsage kuma cikin tsagar fari-fari ne ruwan toka.

Wani mai gwangwan ya zo ya ce zai ɗora su a sikeli ya biya ni kuɗin kilo, yaron shagona kuma ya matsa sai ya goge su da Brasso wai za su fi shiga idon mai saye, na ce duk su dakata tukuna. Tambayata, su waye waɗannan, gumaka ne da Turawa suke bauta wa ko ado ne kawai, kuma suna da wata daraja da ta wuce ta ƙarfen jikinsu?

Almajirin Zaure:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai shawarata kar ka kai su gida ko da na dare ɗaya ne, ka san hadisin da ya zo cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai irin waɗannan surori, kuma akwai hani a kan cinikin gumaka, ga shi ma tsirara suke. Ka samu malamin da ka yarda da shi ka faɗa masa yadda abin yake, cewa a cikin kaya suka zo maka ba kai ka je ka nemo su ba, ka ji abin da zai ce game da kuɗin. In da ni ne wallahi mai gwangwan ɗin zan bai wa a narke kowa ya huta.

Malamar Tarihi:

Alhaji sannu da kasuwa. Maganar hukunci na bar wa malamai, Malam Almajiri ya faɗi nasa kuma shawarar ka tambaya daidai ce, amma dai ka je wa malamin da labari na gaskiya: waɗannan biyun ba a taɓa bauta musu ba, waɗanda suka zuba su da waɗanda suka saya Faransawa ne na ƙarni na 19, lokacin addinin Girkawa da Rumawa ya fi shekara dubu da mutuwa, tatsuniyoyinsa ne kawai suka rage a makaranta. A kan kantar murhun falo ake ajiye su kusa da agogo da alkukin kyandir, don baƙo in ya shigo ya san mai gidan ya yi boko kuma yana da abin hannu.

Na farkon naka Theseus ne da Minotaur. Labarin a taƙaice, Minos sarkin tsibirin Kirit yana da wannan dodon mai kan bijimi, ya sa an gina masa wani gida mai hanyoyi a sarƙe wanda in ka shiga ba ka gane ƙofar fita, sai ya ɗora wa birnin Atina harajin samari bakwai da 'yan mata bakwai ana jefa wa dodon yana cinyewa. Theseus ɗan sarkin Atina ne, ya ce a sa shi cikin waɗanda za a kai, da ya isa sai 'yar Minos ɗin, Ariadne, ta kamu da sonsa ta ba shi ƙwallon zare ya ɗaura a bakin ƙofa yana tafe yana warwarewa, ya kashe dodon ya biyo zaren ya fito. Daidai lokacin da zai soka takobin ne aka tsayar a wannan tagullar taka. Ka sake dubansa da kyau za ka ga fuskar saurayin ba ta nuna wahala ko kaɗan, a miƙe yake tamkar ba faɗa yake ba, duk murɗe-murɗen da yunƙurin a jikin dodon suke, kuma da gangan aka yi haka, hankali ne yake rinjayar ƙarfin dabba. Ni a ganina dodon ma ya fi saurayin kyan aiki nesa ba kusa ba, kuma ba abin mamaki ba ne in ka san wanda ya yi shi.

Antoine-Louis Barye sunansa, an haife shi a Paris a 1795 ya mutu a 1875, ɗan maƙerin zinariya ne, kuma da dabbobi ya yi suna. Yakan wuni a gidan dabbobi na Jardin des Plantes yana zana zakuna da damisa, in wata ta mutu ya je a feɗe ta a gabansa yana auna ƙashi da tsoka. A babban baje kolin fasaha na Paris na 1831 ya fito da damisa tana cin kada, a 1833 ya fito da zaki ya danne maciji, mutane suka yi ta mamaki amma manyan malaman fasaha na lokacin suna raina shi don a wurinsu mai yin dabbobi ƙaramin ma'aikaci ne, babban aiki shi ne jikin ɗan Adam a cikin labarin Girkawa ko Rumawa. A 1837 alƙalan baje kolin suka ƙi karɓar ayyukansa, ya yi fushi, ba a sake ganin aikinsa a baje kolin ba sai 1850, kuma abin da ya koma da shi wani jarumi ne yana kashe halitta mai rabin mutum rabin doki, wanda daga baya aka sa masa sunan Theseus shi ma. Wannan naka mai kan bijimi wajen 1843 ya tsara shi, wato cikin shekarun fushin.

Abin da ya sa tatsuniyoyin nan suka cika kasuwa kuwa tsarin karatun ne. Ɗalibi a makarantar École des Beaux-Arts daga kwaikwayon tsofaffin sassaƙen Girka yake farawa, babban burinsa ya ci gasar Prix de Rome gwamnati ta tura shi Rum ya zauna a Villa Medici, kuma jigon gasar yawanci daga waɗannan labaran ake ɗauko shi. Sannan akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba, in ka sassaƙa mace tsirara ka ce 'yar unguwa ce an yi ta surutu ke nan, in ka manna mata jinjirin wata a goshi ka ba ta baka ka ce Diana ce allahiyar farauta sai a ce fasaha ce. Haka mai sassaƙa James Pradier ya yi ta yi, haka wani mai sassaƙan, Falguière, ya yi da tasa Diana a 1882. Kuma Malam Almajiri, su ma can ba kowa ne ya yarda da tsiraicin ba, a watan Agusta 1869 wani ya bi dare ya watsa wa sassaƙen masu rawa da Carpeaux ya yi a gaban gidan opera na Paris kwalbar tawada don haushin abin.

Na biyun naka Mercury ne, ɗan aiken alloli, kuma shi ne majiɓincin 'yan kasuwa da matafiya da ɓarayi a tatsuniyar tasu, duka a wuyan mutum ɗaya, kar ka ce da kai nake. Asalin wannan tsayuwar da ƙafa ɗaya ba ta Faransawan ƙarni na 19 ba ce, aikin Giambologna ne na wajen 1580 yana gidan tarihin Bargello a Florence ta Italiya, kwaikwayonsa kawai aka yi ta yi ba adadi. Duba ƙarƙashin ƙafarsa, ya kamata ka ga kan wani yaro yana hura iska shi kuma yana tsaye a kan iskar.

Ba'adare a Paris:

Salamu alaikum Alhaji, ni nan Paris nike zaune kuma ina yawan zuwa kasuwar tsoffin kaya ta Saint-Ouen ranakun Asabar da Lahadi, irin waɗanga kaya na gan su har na gaji. Hajiya Malama ta gama maganar labari, ni kan rubutun da ka gani a gefe zan yi magana don nan ne kuɗin suke ko ba su nan.

Abin da mutane da yawa ba su ganewa, sunan da ke jikin tagulla ba ya nufin mai sunan ya taɓa ta da hannunshi. Mai sassaƙa da yumɓu ko kaki yake aikinshi, a mai da shi filasta, daga nan aikin gidan zubi ne, kuma a ƙarni na 19 ba wata doka da ta ƙayyade kwafi nawa za a zuba, wannan ƙa'idar ta kwafi takwas sai a ƙarni na 20 ta zo. To in abu ya samu kasuwa sai a yi ta zuba shi shekara da shekaru, babba da matsakaici da ƙarami, ka buɗe katalog ka zaɓi girman da aljihunka ya iya. Wanda ya fi kowa cin wannan kasuwa shi ne Ferdinand Barbedienne ɗin da ka gani (FONDEUR ɗin ma'anarshi mai zubi), wanda da farko ma takardar manna wa bango yake saidawa. A 1838 ya haɗa gwiwa da wani Achille Collas wanda ya ƙirƙiro na'urar da ke rage girman mutum-mutumi, hannu guda na na'urar yana bin jikin babban, ɗaya hannun yana yanka ƙaramin daidai wa daida, da Venus de Milo, wani sanannen tsohon sassaƙen Girka, sunka fara, daga nan kowane likita da lauya da babban ɗan kasuwa ya iya aje abin da ke Louvre, babban gidan tarihin Paris, a falonshi. Shi ya sa a wasu kayan za ka ga ɗan hatimi zagaye mai kan mutum da sunan Collas. Barbedienne ya mutu 1892, ɗan ɗan'uwanshi Leblanc-Barbedienne ya ci gaba, gidan bai rufe ba sai 1954. Akwai wasu gidajen kamar Susse da Thiébaut, su ma sunansu a jikin kaya alama ce mai kyau.

Yanzu ga inda naka ya faɗo. Shi Barye yana raye da kanshi yake kula da zubin kayanshi da gyaransu, mutum ne mai tsanani a kan aiki amma bai iya kasuwa ba, bashi ya ci shi a 1848 har samfuran aikinshi sunka koma hannun abokin kasuwancinshi Émile Martin, bai karɓo su ba sai 1857. Da ya mutu anka yi gwanjon kayan ɗakin aikinshi a gidan gwanjo na Drouot a 1876, Barbedienne ya saye samfura fiye da ɗari da haƙƙin zuba su. Ke nan in dai ka ga BARYE tare da F. Barbedienne a wannan Theseus ɗin, to bayan mutuwar Barye anka zuba shi, daga 1876 zuwa gaba, tsarin na 1843 ne amma ƙarfen yana iya zama na 1880 yana iya zama na 1920. Ba jabu ba ne, halastaccen kwafi ne kuma aikin gidan Barbedienne mai kyau ne ƙwarai, sai dai masu tara kaya sun fi biyan wanda ya fito daga hannun Barye yana raye. Duk da haka in naka na gaske ne maganar dubban yuro ake yi, ba kuɗin kilo ba, don haka mai gwangwan ya yi haƙuri.

Amma fa na ce "in na gaske ne". Barye yana cikin waɗanda anka fi yi wa jabu a duniya, dabararsu ita ce su samu na gaske su ɗauki sifarshi su zuba wani daga jikinshi, sa hannun da sunan gidan zubin duk sai su fito tare tunda a jikin na asalin suke. Irin wannan yakan ɗan fi na gaske ƙanƙanta don ƙarfe yana tsukewa in ya huce, kuma komai nashi ya dushe, gashi ya zama dunƙule, haruffa gefensu ya yi laushi. Ka sa gilashin ƙara girma ka duba FONDEUR ɗin, a na gaske haruffan tsaf suke da kaifi, a na jabu sai ka ga sun cushe da ƙananan ramuka a ciki. Wani abin kuma, Barye yana da ɗa mai suna Alfred shi ma mai wannan sana'a, yakan sa hannu da A. Barye, mutane suna ruɗewa, amma kai tunda wannan aikin sananne ne na uban ba ka da wannan matsala.

Na biyun kam kar ka sa rai. Fari-farin da ka gani a tsagar shi ne amsar, ba tagulla ba ce, nan régule suke ce mishi, ƙarfe ne mai arha da ake zubawa a shafa mishi launi ya yi kama da tagulla don masu ƙaramin ƙarfi. A Saint-Ouen da gwanjon ƙauyuka tuli suke, kuma mai karyayyen hannu ba mai waiwayarshi.

Maganar narkewa da Malam ya kawo ta tuna mini, nan ma an yi ta. A Oktoba 1941 gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa ta lokacin mamayar Jamus, ta yi doka anka bi dandali-dandali ana tumɓuke mutum-mutumin tagulla ana narkewa saboda yaƙin Jamus, har yau akwai wuraren da za ka ga dandamalin dutse ba kowa a kai. Ƙananan na cikin gidaje irin naka su ne sunka tsira da yawa.

Mai Zubi:

Alhaji ni maƙeri ne, zubin tagulla da sanholo nake yi, ban san su Barye ba amma na san ƙarfe. Da farko ka ja wa yaronka kunne, kar Brasso ko toka ko lemon tsami ko tsamiya su kusanci abin nan, ba tasar jeren amarya ba ce da ake so ta yi ƙyalli. Wannan duhun da koren da kake gani ba datti ba ne, da gangan ake yin sa, ana gasa ƙarfen da wuta ana shafa masa magunguna har launin ya kama, sai a bi da kaki, shekaru kuma su ƙara masa nasu. Ka goge shi ka zubar da rabin kuɗinka, kuma ba ya dawowa yadda yake. Busasshen ƙyalle mai laushi ko burushin fenti ya ishe ka kakkaɓe ƙura.

Gwajin da za ka iya yi a shago ba sai ka je ko'ina ba. Ka manna masa maganaɗisu, in ya kama to baƙin ƙarfe ne aka yi wa launi, tagulla ba ta kamawa, amma ka sani shi ma farin ƙarfen nan mai arha ba ya kamawa don haka wannan gwajin shi kaɗai bai isa ba. Sai ka kwantar da shi a kan bargo ka leƙa ƙarƙashi, ka samu wuri can ciki inda ido ba ya gani ka ɗan karce da bakin wuƙa kaɗan, in ya nuna ja-ja ko ruwan zinariya tagulla ce, wato jan ƙarfe da kuza da ɗan tutiya da dalma, in ya nuna ruwan azurfa ko toka to wancan ne. Ka ɗan ƙwanƙwasa da zobe ma za ka ji, tagulla tana amsawa da ƙara mai tsawo, ɗayan kuwa ɗif yake yi. Kuma tagulla lanƙwasa take yi in ta sha duka, shi wancan tsagewa yake yi ko ya ɓalle, kamar yadda hannun na biyun naka ya yi.

Mu abin da muka gada, kuma shi ne na mutanen Benin a unguwar Igun da na Ife da Igbo-Ukwu tun da can, zubin kaki ne, ka gina siffar da kakin zuma ka lulluɓe da yumɓu ka gasa kakin ya tsiyaye ka zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, in ya huce ka fasa yumɓun, kowane ɗaya sai ka sake gina sabo. Su kuma masu yin da yawa don kasuwa yashi suke amfani da shi, a danna samfurin a cikin yashi mai laushi da aka dama a cikin akwati, a cire, a zuba. Matsalar yashi ba ya son lungu, abu mai hannaye da ƙafafu a sarƙe irin naka ba ya fita a zubi ɗaya, sai a yi shi gunduwa-gunduwa a zo a haɗa da ƙusa da noti, wani gwani kuma ya zauna da 'yan kurfi da guduma ya bi mahaɗin ya ɓatar da shi ya fito da gashi da jijiya da farce ɗaya bayan ɗaya. A nan ake gane aikin kirki. Ka bi kafaɗa da cinya da yatsanka a hankali ko za ka ji layin haɗi siriri, ka duba takobin ko daban aka sa shi, ka kuma gaya mana irin notin da ke ƙasa.

Ba'adare a Paris:

Gaskiyar Baba Mai Zubi, yawancin kayan Paris na lokacin zubin yashi ne, har yashin wani gari Fontenay-aux-Roses kusa da Paris ya yi suna a kan haka. Zubin kaki ya kusa ɓacewa nan a farkon ƙarnin, 'yan kaɗan ne irin su Honoré Gonon sunka riƙe shi, shi ne ma ya zuba wa Barye babban zakin nan da maciji da kaki a 1835, yana Louvre yanzu.

Ɗan Gwanjo:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Hajiya Malama na ji zancen ɓarayin kuma na yafe. Na yi gwajin da Baba ya ce. Maganaɗisu bai kama ko ɗaya ba. Babban na karce shi a ciki ya nuna ruwan zinariya mai ɗan ja, cikinsa rami ne baƙi ƙirin da ɗan burbushin abu kamar ƙasa a lungu, akwai noti biyu masu kusurwa huɗu sun yi tsatsa su suka riƙe mutanen a kan dandamalin, na sa tef na auna tsayinsa santimita 45 da ɗan ɗoriya. Haruffan a idona dai tsaf suke amma ni ba gwani ba ne. Ƙaramin nauyin kuwa yadda kuka faɗa ne, fari ne a ciki, kuma e akwai kan yaro mai kumbura kumatu a ƙarƙashin ƙafarsa. Brasso na kulle shi a durowa. Malam Almajiri ban kai su gida ba suna sito, kuma zan je wurin malaminmu bayan Juma'a. Yanzu in ya tabbata na gaske ne ina ake kai irin wannan, don a nan dai ban ga mai sayensa da daraja ba.

Malamar Tarihi:

Noti mai kusurwa huɗu da tsatsa alama ce mai daɗin ji amma kar ka yi saurin murna Alhaji, masu jabu ma sun san da haka suna neman tsofaffin notina su ɗaura. Ni abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne hanyar da ya zo, a kwalin tarkacen gida tare da na banza a bargo ɗaya, wanda yake son ya yaudare ka ba haka zai kawo maka ba. Kuma tun yanzu ka nemi takardun kwantenar da rasit ɗin da ka biya ka adana, don ranar da za ka fitar da shi daga Najeriya jami'in kwastan tagulla kawai zai gani, yana iya ɗauka kayan tarihinmu ne kake son tsallakewa da su, sai ka je Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa su duba su ba ka takardar izini kafin ka kai shi filin jirgi.

Ba'adare a Paris:

Kar ka aiko da shi ko'ina tukuna, hoto za ka fara turawa. Gidajen gwanjo na nan da na Landan suna da masana tagullar ƙarni na 19 kuma yawancinsu suna duba hoto su ba ka ƙiyasin farko kyauta ta shafinsu na intanet, ka tura wa biyu ko uku ka kwatanta abin da sunka ce, kar ka tsaya kan dillalin da zai biyo ka ta WhatsApp yana cewa kwafi ne bari in taimake ka in karɓa. Ka fito da shi waje da safe a inuwa ba filashi, ka ɗauki gaba da baya da gefe biyu, ka matso kusa ka ɗauki BARYE da FONDEUR ɗin har a iya ganin gefen haruffa, kan bijimin da gashin saurayin, sannan ƙarƙashi da notinan, ka aje tef a gefe a gani, ka ɗora shi a sikelin mai gwangwan ɗin ka rubuta kilo nawa ne. In akwai wata lamba ko harafi da anka buga ko anka rubuta da tawada a ƙasan ita ma ka ɗauka, kar ka wanke ta. Ka tambaye su kuma kaso nawa suke cirewa in an saida da kuɗin inshora da na jigila, don wani lokaci waɗannan su ke cinye ribar ƙaramin kaya.